Shafin Yayana Yana Cewa Komai Lafiya, Shanu Kuwa Na Mutuwa a Kebbe

Assalamu alaikum Goggo Ni'imatu. Don girman Allah ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ko da kin ga ta yi tsawo, ki kuma taimake ni da amsa da wuri, don lokaci ya ƙure mini. Na san yawancin masu rubuto miki maganar aure ce ko ta zaman gida ke kawo su. Tawa maganar kwamfuta ce, amma ta biyo ni har cikin ɗakin mahaifiyarmu. Na zaɓe ki ne saboda kin taɓa faɗa a wannan fili cewa kin koyar da kwamfuta a kwaleji kafin ki yi ritaya, ke ba sai na yi ta kame-kame ba. Kada ki buga sunana. Sunayen da zan ambata ma na canza su.

Ni 'yar Tambuwal ce, ina aiki tare da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira shi Yaya Siddiƙ. Muna da ɗan shago inda muke gina wa mutane shafukan intanet, makarantu da shagunan magani da makamantansu. Duk abin da na iya shi ya koya mini. Lokacin da baffanninmu suka ce me mace za ta yi da wannan karatu, shi ya tsaya tsayin daka. Ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa, ya zauna da ni yana nuna mini layi bayan layi, ina ɓatawa yana gyarawa, ko sau ɗaya bai taɓa ce mini daƙiƙiya ba. Na fara da wannan ne don kada ki ɗauka labarin wani mugu zan ba ki. Yaya mutumin kirki ne, sai dai ya ƙi jinin a yi masa dariya fiye da duk wanda na sani.

Bara wata ƙungiyar manoma da masu kiwo ta ba mu aiki mafi girma da muka taɓa samu. Suna da likitan dabbobi guda ɗaya a Tambuwal, suna da wakilai a ƙauyuka, kowanne da waya da babur. Wakili zai zagaya, in ya tarar da dabba ba lafiya ya shigar da rahoto ta waya: sunan mai garke, ƙauyensa, alamun ciwon, da yawan shanun da ke garken. Rahoton sai ya tafi babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda muke kira saba. Da safe likita ya buɗe shafinsa ya ga rahotanni yanki-yanki, Sanyinna daban, Jabo daban, Kebbe daban, kuma a gefen kowane rahoto shafin ya lissafa masa kwalaben allurar da zai ɗauka. Ba mu ke rubuta shafin likitan kullum ba. Samfuri ɗaya muka yi mai gurabe, kamar abin buga bulo, saba ce ke zuba bayanai a guraben tana fito da shafi.

Ranar da aka ƙaddamar da aikin ne asalin matsalar. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, shugaban ƙungiya da dattawa sun hallara, an haska shafin a bango. Yaya na cikin bayani, ya latsa wani wuri, sai shafin ya faɗi. Ba ma faɗuwa ta mutunci ba. Mun manta ba mu kashe shafin binciken da muke amfani da shi a shago ba, sai ga bango ya cika da Turanci ƙanana-ƙanana, sunayen fayil ɗinmu da lambobin layi duk a waje. Wani dattijo ya gyara hularsa ya tambaya cikin ladabi ko a nan ne sunayen shanun suke. Wuri ya ɗauki dariya. An gyara a take, taro ya tashi lafiya, kowa ya manta, ban da mutum ɗaya. Har yau in aka ambaci ranar sai Yaya ya canza fuska.

Abin da ya yi bayan nan ban sani ba sai kwanan nan, don ni a lokacin ina kan shafin wata makaranta. Kin san a aikinmu akwai abin da muke kira tarko. Ka kewaye wani yanki na umarni, ka ce in abu kaza ya karye a nan ciki, kada shafin ya faɗi, a yi kaza a madadinsa. Ana ɗana shi ne don kuskuren da ka san zai iya zuwa. Yaya kuwa nasa tarkon ba ya zaɓe, kowane irin kuskure ne haɗiye shi yake. Ya kewaye kowane yanki na shafin likita da shi, ya ce in wani abu ya karye a rubuta wa likita: babu sabon rahoto daga wannan yanki, komai lafiya. Bai kuma ce a ajiye labarin kuskuren a ko'ina ba. Tun daga ranar shafin bai sake faɗuwa ba, har Yaya kan yi alfahari da hakan gaban abokansa.

To ga inda Jumare ya shigo. Shi ne wakilin ƙungiyar a yankin Kebbe, magidanci ne mai sanyin hali, ɗan masu kiwo, a cikin shanu ya tashi. A ƙarshen damina ciwon huhu ya ɓulla a wasu ƙauyuka can gaba da Kebbe. Shanu suka fara tari, suna ramewa, suna faɗuwa. Akwai wani tsoho, Malam Ɗan'iya, da shanun huɗarsa duka biyun suka tafi, kuma da su yake noman da ke ciyar da gidansa. Masu shanu suka yi ta jiran likita bai zo ba. Da suka gaji suka hawo babura suka zo Tambuwal da kansu, ransu a ɓace. Likita ya buɗe shafinsa ya nuna musu: Kebbe babu rahoto, komai lafiya, kuma haka yake gani kullum. Daga nan magana ta juya kan Jumare. Aka ce yana zaune ne a teburin mai shayi a Kebbe yana hira, ba ya zagayawa, ba ya aikawa. Ƙungiya ta karɓe babur ɗin. An sa zama Juma'a mai zuwa bayan masallaci, kuma kowa ya san korarsa za a yi.

Ranar kasuwa Jumare ya zo shagonmu. Yaya ba ya nan, ni kaɗai ya tarar. Goggo, mutumin nan bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ni, ya miƙo wayarsa da hannu biyu, ya ce in duba masa ko shi ne bai iya aikawa ba. Ya ɗauki hoton fuskar wayar duk lokacin da ya aika, ga koren rubutunmu nan yana cewa an karɓi rahoto. Ya gaya mini yanzu ko kasuwar shanu ba ya iya shiga, in ya yi sallama wasu ba sa amsawa. Cikin waɗanda shanunsu suka mutu har da mahaifin matarsa. Na ce masa zan duba, ya yi godiya kamar na riga na yi masa wani abu, ya tafi neman motar da za ta mayar da shi.

Na fara da inda kowa zai fara, wato rajistar da saba ke ajiye labarin kurakurai. Tas take, ba komai a ciki. Da farko na ji sanyi a raina, daga baya hankalina ya tashi, don ban taɓa ganin shafin da mutane ke amfani da shi kullum ba a ce wata da watanni ko tuntuɓe bai yi ba. Na leƙa rumbun bayanai. Ga rahotannin Jumare nan reras, kowanne da ranarsa, wasu ma ya maimaita su, ya ƙara da roƙon a zo da gaggawa. Ke nan sun iso, tsakanin rumbu da idon likita suke ɓacewa. Na kwafo komai zuwa kwamfutata don kada in taɓa na mutane, na bi samfurin shafin ina karantawa har na ci karo da tarkon. Na cire shi, na sake buɗe shafin, ya faɗi warwas. Na karanta saƙon kuskuren daga ƙasa zuwa sama yadda Yaya da kansa ya koya mini. Layin ƙarshe ya ce ba zai iya lissafin rabawa da kalma a madadin lamba ba, ya kuma nuna mini daidai layin da ke lissafa kwalaben allura.

Na buɗe rahoton da ya jawo abin. A gurbin yawan shanu, inda ake jiran lamba, Jumare ya rubuta Masha Allah. A wani ya rubuta sun yi albarka. A wani kuma, Allah shi ƙara. Na yi dariya ni kaɗai a shago, dariyar ba ta kai ko'ina ba ta koma kuka.

Goggo, ke ma kin sani, mai shanu ba ya faɗin yawan garkensa. Ko ɗansa ya tambaye shi sai ya kawar da kai. Wasu tsoron baki suke, wasu tun zamanin jangali suka gaji abin, yanzu kuma ga ɓarayin shanu, wa zai yarda a rubuta adadin dukiyarsa a wayar da bai san inda take kai magana ba? Wakilan Sanyinna da Jabo sukan ƙiyasta da ido su sa lamba, shi ya sa nasu ke fitowa. Jumare kuwa ba zai iya sa wa garken wani lamba ba, abin da mai garke ya amsa masa shi yake rubutawa. Da can gurbin ba ya karɓar komai sai lamba, wakilai suka yi ƙorafi cewa waya na ƙin aikawa, Yaya ya sassauta shi ya manta akwai lissafi a gaba. To da saba ta zo raba Masha Allah gida-gida sai ta karye, tarko ya haɗiye, yankin Kebbe gaba ɗaya ya koma komai lafiya, har da rahotannin da ba su da laifin komai.

Da Yaya ya dawo na nuna masa. Ya bi rahotannin ɗaya bayan ɗaya ya karanta. Sannan ya ja kujera ya yi gyara. Ya ce duk inda aka sami kalma a gurbin lamba a ɗauke ta sifili, shafin kuma ya nuna rahotannin da suka shigo daga ranar kawai, na baya su zauna a rumbu. Tarkon yana nan bai cire ba. Ya ce in rufe bakina. Ya ce in maganar ta fita ƙungiya za ta ƙwace aikin, makarantun da muke yi wa aiki za su ji, sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya rushe, kuma ba za a ce kwamfuta ba ce, za a ce ɗan gidan wane ne ya kashe shanun mutane. Ya ce shanun da suka mutu sun mutu, tonon asiri ba zai tashe su ba. Game da Jumare kuma, Yaya ya yi alkawarin zai nema masa wani aiki in ƙura ta lafa. Na ce masa ba aiki kaɗai Jumare ya rasa ba. Sai ya tambaye ni ko yau ni zan koya masa aikin da ya koya mini, ya ɗauki makullinsa ya fita.

Na kai kuka wurin Inna, ita ma ba ta sauƙaƙa mini ba. Ba ta gane maganar tarko da saba ba, amma ta gane ana so a kunyata ɗanta na fari. Ta ce mace ba ta kwance wa ɗan'uwanta zani a kasuwa, ta tuna mini wanda ya tsaya mini lokacin da kowa ya juya baya. Tun ranar a gida ana gaisawa ne kawai. Yaya kan shigo ya ci abinci ya fita, ba ya kallon inda nake.

Ni yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Abinci ba ya shiga. Wani lokaci in ce bari in je wurin shugaban ƙungiya a ɓoye. Wani lokaci in ce in aika masa saƙo da layin da ba a sani ba. Ina da mabuɗin saba, zan iya dawo da tsofaffin rahotannin su bayyana a shafin likita da kansu, in yi kamar ban san yadda aka yi ba. Wani lokaci kuma in ce ke wace ce, ki yi shiru, ai ba ke kika rubuta ba. Sai in tuna Jumare tsaye a bakin ƙofa yana tambaya ko shi ne bai iya ba. Ina son yayana, wallahi ina son sa, kuma ina jin haushinsa yadda ban taɓa ji ba. Goggo, me zan yi kafin Juma'a?

Taki cikin damuwa,
Ƙanwar Mai Shago, Tambuwal

Wa'alaikis salam 'yata.

Na karanta, kuma ba ta yi mini tsawo ba. Share hawayenki, akwai aiki a gabanki, kuma wani daga ciki ba zai jira Juma'a ba.

Kin cika wasiƙarki da Yaya da Jumare, kin manta da waɗanda ba su iya magana. Ciwon huhu ba ya tsayawa don an sa ranar zama. A cikin rahotannin da ke kwance a rumbu akwai ƙauyukan da masu shanunsu ba su hawo babur sun zo ba, kuma likita bai san da su ba har yanzu. Gyaran da yayanki ya yi ma bai fitar da su ba. In an ɗauki Masha Allah sifili, shafin zai gaya wa likita cewa garken ba ya buƙatar ko kwalba ɗaya, ya tafi hannu rabbana ko ya ƙi tafiya. Saboda haka yau ɗin nan, kafin komai, a kira likita a karanta masa sunayen ƙauyukan da alamun ciwon. Ki ce wa yayanki ya kira. In ya ƙi, ki kira a gabansa. Wannan ba ya cikin abin da ake neman izini a kansa.

Yanzu ga yayanki. Ba na ganin mugu ne, kuma na gode da kika fara da alherinsa. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya taɓa ɗana irin wannan tarko, ni ma na ga ɗalibaina da yawa sun yi, kuma kusan kullum kunya ce ke sa su. Tsoronsa ma ba na banza ba ne. Aikin zai iya tafiya, mutane za su yi magana, a gari irin naku kuma magana ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, har gidansu take bi. Kada ki raina wannan. Kuma ba shi kaɗai ke da kaso ba. Likitan da ya ga yanki guda cike da shanu ya shafe damina ba rahoto ko ɗaya, bai ɗaga waya ya tambaya ba, shi ma yana da abin da zai amsa. Ƙungiyar da ta karɓe babur kafin ta bincika ita ma haka. Har zuwa ranar da kika nuna masa, abin da yayanki ya yi kuskure ne irin na aiki. Amma daga lokacin da ya ga rahotannin da idonsa ya ce a bar su a rumbu, ya bar wani ya ɗauki laifin da ya san ba nasa ba ne, abin ya tashi daga kuskure. Wannan zalunci ne, ko da mutumin kirki ne ya yi shi, kuma in kin yi shiru kin sa hannu.

Hanyoyin da kika lissafa duk ban yarda da su ba. Saƙo da layin da ba a sani ba aikin matsorata ne, kuma a Tambuwal ba za a kwana biyu ba a gane ke ce. Dawo da rahotannin a ɓoye ya fi muni, don amanar mabuɗin da aka ba ki za ki ci, ki kuma bar yayanki ya ji labari a bakin wasu. Zuwa wurin shugaba a bayan idonsa zai wanke Jumare, amma zai bar ciwon da ku biyu za ku daɗe kuna jinya. Ki ajiye kwafin rahotannin a wuri mai aminci, ba don ki yi masa barazana ba, don kada tsoro ya sa shi ya goge abin da zai yi nadama.

Ki same shi shi kaɗai, ba a shago ba, ba kuma gaban Inna ba. Ki gaishe shi yadda kika saba. Kada ki shiga gardamar wa ya fi wa iya aiki, ya riga ya nuna miki nan ne ke yi masa zafi. Ki gaya masa a fili cewa ba za ki iya zama a kori Jumare kina kallo ba, kina so shi da bakinsa ya je wurin shugaba kafin zaman, za ki raka shi, in kuma bai je ba ke za ki faɗa ranar Juma'a. Ki faɗa sau ɗaya, cikin ladabi, kada ki janye. Ki taimaka masa da yadda zai tsara maganar, don sau da yawa abin da ke hana mutum amsa laifi shi ne bai san ta inda zai fara ba. Ga abin da ya faru, ga dalilinsa, ga gyaran da muka yi, Jumare ya aiko komai a kan lokaci. Wanda ya kawo kansa da gyara a hannu ba a yi masa kallon wanda aka kamo. Ba zan yi miki alkawarin aikin zai tsira ba. Amma masu shanun nan da likitan nan wata rana za su haɗa magana, hotunan na nan a wayar Jumare, kuma in ta wannan hanya ta fito, ba abin da yayanki zai tsira da shi.

Inna kuma ki koma wurinta, ki bar maganar kwamfuta. Ki ce mata akwai magidancin da surukinsa ba ya amsa sallamarsa saboda abin da bai yi ba, kuma ɗanta ne kaɗai zai iya wanke shi. Ki tambaye ta wane ɗa take so a ce ta haifa. Uwa ta fi ki sanin ta inda ake shiga zuciyar ɗanta.

Gyaran shafin kuwa, ki je masa da shi a shirye. Ku cire wannan tarko mai haɗiye komai. Tarko na kuskuren da kuka san sunansa ne, sauran ku bar su su fito, a rubuta su a rajista da cikakken bayani, saƙo kuma ya shigo wayar ɗayanku nan take. Abin da ya kunyata shi ranar taro maganinsa kashe shafin bincike a gaban jama'a, a sa ɗan shafi mai ladabi da ke cewa an sami matsala, a kira wannan lamba. Shafi ya faɗi gaskiya cewa ya kasa ya fi ya ce komai lafiya alhali bai sani ba. Ku fitar da lissafi daga cikin samfuri, a yi shi tun kafin a zo zubawa, ta yadda rahoto ɗaya in ya ƙi lissafuwa zai fito da alamar ba a san adadi ba, sauran su fito lafiya. Ku riƙa gwaji da ainihin abin da wakilai ke rubutawa, ba da lambobin da kuka ƙirƙira a shago ba. Ku kuma daina tambayar mai shanu abin da ba zai faɗa ba. Ku zauna da Jumare ku tambaye shi me mai garke zai yarda ya amsa, wataƙila ƙaramin garke ne ko matsakaici ko babba, ya ishi likita ya san abin da zai ɗauka.

Abu na ƙarshe, kada ku yarda a kashe maganar a ofis, a mayar wa Jumare babur a ce ya yi haƙuri. Ba a ofis aka ɓata shi ba. Yayanki ya hau babur ya bi wannan hanyar ta Kebbe, ya tsaya gaban Malam Ɗan'iya da surukin Jumare da sauran waɗanda suka yi asara, ya gaya musu mutumin nan ya kira, mu ne ba mu ji ba. Zai yi masa ɗaci fiye da dariyar ranar taro. Zai iya ɗauke miki wuta na wani lokaci, ki shirya wa hakan, ki ci gaba da gaishe shi kullum ko bai amsa da daɗi ba.

Ina kyautata zaton zai je, don mutumin da ya tsaya wa ƙanwarsa gaban baffanninsa ya san yadda ake tsayawa. In kuwa Juma'a ta zo bai je ba, ki sa hijabinki ki tafi zaman, ki nemi izinin magana, ki faɗi abin da kika gani ba ƙari ba ragi. A duk faɗin wurin nan ke kaɗai ce Jumare yake da ita.

Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya sassauta ta yayanki, ya mayar wa masu shanu da alheri, ya bar ku tare cikin zumunci.

Goggo Ni'imatu